Malam Wucin-Gadi Ya Samu Aiki

A ɗakin malamai na makarantar akwai wata doka da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma ta fi duk waɗanda aka manna a bango ƙarfi. Dokar ita ce ba wanda ya zo koyarwa da ƙafarsa, kowa jefo shi aka yi. Duk sabon malamin da aka turo, ranar farko idan an fita hutun rabin rana, sai a zuba masa shayi a kofin da kunnensa ya karye, a ba shi kujerar nan mai ɗingishi, a bari sai ya kurɓa, sannan malamin lissafi ya gyara tabarau ya ce, "To, kai kuma me ya jefo ka?"

Amsar da ake so ita ce wata masifa. Shi kansa malamin lissafin injiniya ya so zama, 'yan makin da ba su taka kara sun karya ba suka tsare shi a bakin ƙofa, kuma har yau idan ya bi ta kan gada sai ya leƙa ƙarƙashinta ya yi tsaki. Malamar kimiyya likita ce da jini ya kora, don ranar da ta fara ganin an tsaga kwaɗo sai da aka yayyafa mata ruwa. Malamin motsa jiki kuwa, da yanzu a talabijin ake ganinsa yana buga ƙwallo, ba don gwiwa ba, gwiwar da ba wanda ya san ta dama ce ko ta hagu, don ɗingishin nasa canja ƙafa yake yi. Malamin tarihi ya ce shi dogon hutu ya biyo. Hedimasta kuwa ya zo ne ya riƙe wa wani abokinsa aji na ɗan lokaci, abokin har yau bai dawo ba.

Kuma dokar tana da haƙora. An taɓa turo wata baiwar Allah da ta gama karatu ke nan, aka tambaye ta, ta washe baki ta ce ita tun tana ƙarama take son yara da koyarwa. Kafin wata ya ƙare an ɗora mata lambun makaranta, da ƙungiyar muhawara, da makullin ɗakin karatu, da darasin Asabar, da rakiyar duk yaron da ya yi amai zuwa asibiti. Idan ta ɗaga kai za ta yi magana sai a ce, "Ai ke kina so." Ba ta jima ba ta tattara komatsanta. Yanzu labule da zanen gado take sayarwa, an ce har ta yi ƙiba.

To a wannan ɗaki ne mutumin namu ya yi suna. Ranar da aka zuba masa nasa shayin, yana saurayi siriri da rigar aro, ya dubi fuskokin nan ya gane abin da ake jira, ya ce, "Ni na wucin gadi ne. Ina jiran kiran wani aiki, wata mai zuwa za ku neme ni ku rasa." Shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Yaran da ya fara koyarwa yanzu su ke kawo masa 'ya'yansu. Sunan kuma ya bi shi ya manne, daga maigadi har mai sayar da biredi a bakin ƙofa, kowa Malam Wucin-Gadi yake ce masa.

Ƙarya yake yi. Da ƙafarsa ya zo, kuma da gudu.

Abin ya samo asali ne tun yana yaro, wata rana da ya zaunar da ƙanwarsa zai koya mata karanta agogo. Ya yi bayani ya gaji, yarinya tana kallonsa kamar akuya ta ga jarida. Sai ya ɗauko faranti da tsinke biyu, dogo da gajere, ya riƙa juya su. Can sai idonta ya buɗe, bakinta ya buɗe, ta ce, "Au, ashe haka ne." Wani abu ya tsarga masa tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Shi ke nan ya kamu. Wasu taba ta kama su, wasu caca, shi wannan "au" ɗin ce ta kama shi, kuma ya lura ba inda ake samunta da arha kamar aji.

Labarin ƙasa yake koyarwa. Yakan rufe tagogi, ya soke lemo da fensir, ya ba yaro ɗaya tocila, ya riƙa juya lemon a hankali har aji ya ga yadda dare yake bin rana. Yakan kawo butar shayi da farantin ƙarfe mai sanyi ya yi musu ruwan sama a kan tebur. A bayan sito, inda ake jibge karyayyun benci, yana da wata kusurwa da yake gina duwatsu da koguna da laka da tsohuwar jarida. Idan wani malami ya rutsa shi a can hannu duk laka, sai ya ɗaure fuska ya ce, "Masu duba makarantu ne za su zo, ka san halinsu. Wahala dai." Daga nan ya wanke hannu ya koma ɗakin malamai ya karɓi ragamar ƙorafi, don a ƙorafi ba shi da na biyu. Shi ya ƙirƙiro cewa alli ya fi taba kashe mutum. Shi yake kwaikwayon yadda albashi yake shigowa da sallama ya fita ba sallama. Idan ya fara, malamar kimiyya har riƙe ciki take yi.

Da a makaranta abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma ranar da ya je gaida mahaifin yarinyar da yake so, tsohon ya tambaye shi sana'a, ya ce koyarwa, sai ya ga fuskar dattijon ta sauko kamar an gaya masa sakamakon asibiti. Da sauri ya ƙara da cewa, "Amma na wucin gadi ne, Baba." Fuska ta dawo daidai, aka ba shi mata. Tun daga nan ƙaryar ta samu ɗaki a gidansa. Kullum ya dawo, sai ya jefar da jaka a kan kujera, ya zube, ya ce, "Wash, wannan aiki shi zai yi ajalina." Matar tana kan keken ɗinki a falo, sai ta tsayar da ƙafa ta dube shi, ta tashi ta kawo masa ruwa. Shi kuwa yana shan ruwan yana tunanin yadda gobe zai nuna wa 'yan aji biyu dalilin da ya sa kogi ba ya tafiya a miƙe.

Ba wai ba a nema masa mafita ba. An nema, shi ne ya iya toshe ta. Da aka kira shi ganawar ɗaukar aiki a banki, ya hau motar da ba ta bi ta can. Da wani kamfanin inshora ya neme shi, ya je ya yi ta in'ina, mutumin da yake iya tsayar da yara hamsin da murya ɗaya. Wani wurin ya ce musu yana da ciwon baya, wani wurin ya ce ido. Duk ranar da ya dawo da labarin rashin nasara, yakan sunkuyar da kai ya ce ba rabo, matar ta ba shi haƙuri, ta dafa masa abin da ya fi so. A ɗakin malamai kuma a yi masa jaje, darajarsa ta ƙaru.

A 'yan watannin nan ya lura matar tana yawan cewa za ta leƙa gidan Yaya, ta dawo idonta ja, ta ce ƙurar hanya ce. Bai zurfafa ba, lokacin yana fama da wani dutse mai aman wuta da ya ƙi yin aman.

Yaya shi ne babban wanta, mai kamfanin kayan gini, mutum mai tumbi da makullai da yawa, wanda tun ranar aure bai taɓa kiran Malam da komai ba sai "mai alli". Wata Asabar da hantsi sai ga motarsa a ƙofar gida. Ya shigo, ya dubi kujerun falo kamar zai tambaye su takardar shaida, ya zaɓi ɗaya ya zauna a bakinta.

"Mai alli, wahalarka ta ƙare," ya ce. "Na ba ka ofis. Kai za ka riƙa kula da shigar kaya da fitarsu a babban sito. Farkon wata za ka fara."

Malam ya dubi matarsa, tana tsaye a bakin ƙofar kicin ta haɗe hannuwa a ƙirji, hawaye yana bin kumatunta tana murmushi.

"Yaya, an gode, Allah ya ƙara buɗi," ya ce. "Yaushe ne ganawar?"

"Wace ganawa? Ni ne ganawar, kuma ka ci."

"To, akwai dai wannan bayan nawa."

"Kujerar mai juyawa ce, har da matashi."

"Ban iya kwamfuta ba, Yaya."

"Wanda za ka gada ma bai iya ba, kuma har ya yi ritaya."

"Yaran suna tsakiyar zango, ba daɗi a bar su haka."

Yaya ya yi dariya har makullansa suka yi ƙara. "Ka ji mai alli. Na riga na yi magana da hedimastanku, mun yi makaranta tare. Ya ce ko gobe ma."

Nan fa Malam ya gane ya shigo lungun da ba ya ɓullewa. Hanya ɗaya ta rage masa ya tsira da ajinsa: ya buɗe baki ya ce yana son aikinsa. Jimla ɗaya ce, gajeriya, yaron aji ɗaya ma zai iya rubuta ta. Ya buɗe bakin, sai ya ji kansa yana cewa, "Allah ya saka da alheri."

Ranar Litinin ɗakin malamai ya rikice. Tunda aka kafa makarantar ba a taɓa ganin wanda ya fita da ƙafarsa zuwa kujera mai juyawa ba, sai dai ritaya ko makara. Malamin motsa jiki ya rungume shi ya ɗaga shi sama, ya manta da gwiwa. Malamin lissafi ya cire tabarau ya goge ido, ya ce ashe dai ana fita. Hedimasta ya kira shi ofis, ya tura masa takardar ajiye aiki wadda ya riga ya buga da kansa don kada a wahalar da shi, ya ba shi biro, ya tsaya a kansa kamar mai jiran a yanka kek. Malam ya sa hannu. Kafin ƙarshen mako har an turo wanda zai gaje shi, wani dogon saurayi, aka zuba masa shayi aka tambaye shi, ya ce shi yana jiran takardar fita ƙasar waje ne. Kowa ya gyaɗa kai, yaro mai hankali.

Sau ɗaya ya yi yunƙurin gaya wa matar. Da la'asar ne, ya same ta ta ture ɗinkin mutane gefe tana yi masa riguna masu dogon hannu, har uku, tana 'yar waƙa. Rabon da ya ji ta tana waƙa ya manta.

"Maman yara," ya ce, "dama ina so mu yi wata magana."

"Miƙo hannunka tukuna." Ta ɗora tef ɗin awo a kafaɗarsa. "Ka ga yadda aikin nan ya cinye ka? Kafaɗar ma ta shige. Ka bari ka ga, wata biyu za ka dawo mutum. Me za ka ce?"

"Cewa zan yi kar ki matse wuyan."

Darasinsa na ƙarshe da 'yan aji biyu ne. Dutsen nan da ya ƙi aman wuta ranar ya ga dama ya yi, kumfa ja ta gangaro har ƙasa, ajin ya kaure da ihu, wata 'yar mitsitsiya a layin gaba ta hau kan benci don ta ga ramin. Malam ya juya ya fuskanci allo ya yi ta goge shi, alhali ba komai a rubuce.

An yi walimar bankwana ranar Juma'a da yamma a babban ɗakin taro. An jera benci, an sayo lemon kwalba da biskit, an gayyato matarsa aka zaunar da ita a gaba kusa da hedimasta, ta sha kwalliya. Aka shiga jawabai. Hedimasta ya ce yau rana ce ta tarihi, ɗaya daga cikinmu ya ga haske. Malamar kimiyya ta ce za ta yi kewar mutumin da ya fi kowa fahimtar cewa wannan aiki ba na mutane ba ne. Malamin tarihi ya ba da shawara a rataye hotonsa a ɗakin malamai don sababbin zuwa su san cewa haƙuri yana da rana. Aka miƙa masa kyauta, agogon bango a cikin kwali, aka ce ya yi magana.

Ya tashi. Ya dubi bencin nan da ya san kowane karce a jikinsu. Ya ji in bai faɗa yanzu ba, har ya mutu ba zai faɗa ba.

"'Yan'uwa," ya ce, "akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. Ni ba jefo ni aka yi ba. Ni na zaɓi koyarwa."

Malamin motsa jiki ne ya fara dariya, ya furzar da lemon da ke bakinsa.

"Da gaske nake," in ji Malam. "Ina son aikin nan. Tun ina yaro nake son sa."

Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Malamar kimiyya ta kife kai a kan tebur tana dukan katako. Malamin lissafi ya ce, "Ku ji yadda ya yi da murya, sak yarinyar nan mai labule."

"Duk ganawar da na je, da gangan na faɗi. Ban taɓa jiran wani aiki ba. Idan na shiga aji na ga yaro ya gane abu, ba abin da ya fi wannan daɗi a duniya."

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe, hawaye suka zubo, wannan kuwa shi ya ƙarasa su. Hedimasta ya miƙe yana tafi yana share ido, yana cewa har da kukan, har da kukan, wannan mutum a fim ya kamata ya ƙare. Sabon saurayin nan ya ɗaga waya yana ɗauka. Aka yi masa tafin da ba a taɓa yi wa kowa ba a ɗakin. Shekara ashirin ya yi yana koya musu yadda za su saurare shi, kuma ba laifi, ya iya koyarwa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Tana zaune a gaba, jakarta a cinya, tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

Sun fito rana ta yi sanyi. Ba ta ce a tsayar da mota ba, shi ma bai ce ba, suka kama hanya a ƙafa, shi rungume da kwalin agogo. Suka wuce mai biredi, suka wuce masu gyaran babur, suka wuce kantin magani. Sai da suka kai inda gidaje suka fara sannan ta yi magana, ba tare da ta dube shi ba.

"Ba wasa kake yi ba."

"Ba wasa nake yi ba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in san ki."

Ta yi tafiya kaɗan. "Ni ban taɓa jin kunyar aikinka ba, Malam. Ko sau ɗaya. Idan na ga manyan mutane sun tsayar da mota a titi sun fito sun gaishe ka, har wani tsayi nake ji na ƙara. Amma kullum ka shigo gida sai ka ce zai kashe ka. Ni kuma na yarda. Mace ta zauna tana kallo aiki yana kashe mata miji?"

"Ai da kin tambaye ni."

Ta tsaya cak. "In tambaye ka me? In ce mijina, maganar da kake gaya min kullum ƙarya ce ko gaskiya?"

Ya gyara riƙon kwalin.

"Ka san Yaya," ta ce. "Tunda na yi aure ban taɓa roƙonsa ko allura ba, don kada ya samu bakin magana a kanka. A kan wannan na yi ta sintiri gidansa. In je ya bar ni a falo kamar mai neman sadaka, matarsa tana wucewa tana tambayata ko na ci abinci. Wata rana ya ce in dawo, wata rana ya ce ba ya nan alhali ga takalminsa. Daga ƙarshe ya ce zai yi, amma da sharaɗi. Ya kira matarsa ta zauna, ya ce sai na faɗa da bakina cewa shi ya yi gaskiya tun farko, na yi kuskuren miji."

"Kika ce me?"

"Na faɗa mana. Ya ce bai ji ba, na sake faɗa."

Wani babur ya wuce su da gudu. A duk abin da Malam ya taɓa tsoro, na ɗakin malamai da na surukai, bai taɓa kawo wannan a ransa ba, kuma kunyar da ta rufe shi a bakin titin nan ta fi duk wadda ya yi shekara ashirin yana gudu.

"Gobe zan je wurin hedimasta," ya ce. "Zan je wurin Yaya ma, in ce masa an gode, a bari."

"Ba inda za ka." Ta faɗa a hankali, ba faɗa. "An riga an ba wani ajinka. Kuma ni ba zan saya da wannan tsada ba, ka je ka mayar. Ranar Litinin za ka sa farar rigar, ita ta fi zama a jikinka."

Ta miƙo hannu ta karɓi kwalin agogon, don ta ga yana neman suɓuce masa, ta ɗora a kafaɗa ta yi gaba. Ya ɗan tsaya, sannan ya bi bayanta.